Bututun Dubu Arba'in

Sunana Muhtari, kabu-kabu nake yi a Kaura Namoda shekara goma sha huɗu ke nan. Rilwanu mai hoto taubashina ne, uwarsa ƙanwar ubana ce. Saboda haka ina da izinin in ce masa sakarai duk lokacin da na ga dama, kuma ba na wasa da izinin nan.

Ƙwallo ce ta jawo mana wannan rigima. An yi wasan ƙarshe na gasar unguwanni a garinmu, Rilwanu yana ta gudu a bakin layi da 'yar kyamararsa, ya jiƙe sharkaf da gumi, har ƙwallo ta same shi a ƙeya sau ɗaya. Wani mai hoto kuwa da aka ɗauko daga Gusau sai ya kafa kujera a inuwar dogon yaro, ya ɗora wani farin bututu a kan ƙarfe mai ƙafa uku, ya liƙa kyamara a gindinsa, yana shan fura yana danne-danne. Da hotuna suka fito, a na mutumin Gusau har giɓin mai tsaron gida ana gani. A na Rilwanu 'yan wasa sun zama kamar tururuwa a faifai. Wani ya tambaye shi, da gaske ba da wasa ba, ko daga Zurmi ya tsaya ya ɗauka.

Tun daga ranar taubashina bai ƙara cin tuwo ya ji daɗinsa ba. Ya sayar da filin da ya gada a bayan tashar jirgin ƙasa. Ya sayar da bijimai biyu da ya ba wani Bafillace kiwo a Banga. Bai gaya wa matarsa Zuhura ba, bai gaya wa kowa ba sai ni, ni ma don yana tsoron tafiya Kano shi kaɗai da kuɗi a jiki ne.

A wani shago a Kano aka fito mana da abin daga cikin akwati mai soso. Gilashin kyamara ne, irin wanda ke jawo abin da ke nesa ya kawo shi gaban ido. Ya fi hannuna tsawo, bakinsa ya kai kwanon tuwo faɗi, nauyinsa kamar na ɗan akuya. Ba sabo ba ne ma, wani ya yi aiki da shi ya gaji. Mai shago ya faɗi kuɗinsa ba tare da ya ko ɗaga kai daga wayarsa ba: naira miliyan biyar da rabi.

Na nemi kujera na zauna. Na ce, "Rilwanu, babur huɗu ke nan sabbi, cikin leda. Mi wanga abu shika yi? Shina noma? Shina haihuwa?"

Ya ce, "Kai ba ka san aiki ba." Ya biya, ya rungumi akwatin. Daga Kano har Kaura bai yarda an sa shi a bayan mota ba, a cinyarsa ya zauna, ni kuma na sha matsi.

To, a nan sai in tsaya in yi bayani, ko da yake duk ɗan ƙasarmu ya san abin da zan faɗa. Mu ba ma faɗin ainihin kuɗin abin da muka saya. Da can bakin mutane ake tsoro, da 'yan uwa masu zuwa da buƙata da zarar sun ji ka yi sayayya. Yanzu kuma an samu ƙari, don ba ka san kunnen da zai ji ya kai labari daji ba. Saboda haka kowa ragewa yake yi. Wanda ya sayi rago dubu ɗari uku sai ya ce ɗari biyu. Mai tambaya ma ya san an rage, sai ya mayar da abin da aka cire a cikin ransa, kowa ya tashi lafiya. Amma ragin nan yana da ƙa'ida. Ana cire sulusi, in tsoro ya yi yawa a cire rabi. Ba a wuce nan.

Muka isa gida bayan la'asar. Zuhura tana tsakar gida tana tankaɗe, ta ga mijinta ya shigo da akwati a ƙirji yana takawa sannu sannu. Ya buɗe, ta leƙa, ta shafa farin jikin abin da hannunta mai gari. Na ga Rilwanu ya runtse ido.

Ta ce, "Baban Nazifa, wanga bututu hwa? Nawa kas saye shi?"

Ina tsaye ina jira in ji miliyan uku, ko biyu da rabi in ya ji tsoro ƙwarai. Ya dube ta, ya dubi ƙasa, ya tuna fili da bijimai, ya buɗe baki ya ce, "Dubu arba'in."

Ruwan da nake sha ya bi ta hancina. Zuhura ta ce arba'in ma ai kuɗi ne, an cuce shi, da ita ce da talatin za ta taya. Kafin magariba duk unguwa ta ji cewa Rilwanu ya sayo bututun dubu arba'in, sunan kuma ya bi abin, kowa Bututu yake ce masa.

Abin da taubashina bai yi tunani ba shi ne, abin dubu arba'in riƙon dubu arba'in ake yi masa. Bututun yana da wani zobe mai faɗi da ake sa masa a baki don tare hasken rana, kamar bokiti marar gindi. Kwana uku da zuwansa Zuhura ta kifa zoben nan a kan 'yan tsakinta don kada shirwa ta ɗauke su. Ƙarfe mai ƙafa uku da aka haɗo masa da shi ya zama wurin shanya kayan Nazifa. Akwatin kuwa ta ce tsayinsa ya yi mata daidai, a kansa take zama in za ta yanka kuɓewa. Rilwanu ya dawo daga masallaci ya tarar da haka, ya buɗe baki zai yi ihu, sai ya tuna ba a yi wa mace ihu a kan dubu arba'in. Ya ce da muryar mai ciwon haƙori, "Zuhura, ki ɗan lallaɓa shi." Ta ce ai ba ƙwai ba ne.

Ya zo ya same ni a bakin tasha yana neman ya yi kuka. Na ce masa ya je ya faɗa mata gaskiya. Ya ce sai Bututu ya fara kawo aiki tukuna, in ta ga alheri maganar za ta yi sauƙi.

Aikin farko a Zurmi ya fito, suna a gidan wani Malam Usmanu mai sayar da goro. Muka tashi da sassafe a babur ɗina. Akwatin ya ƙi zama tsakaninmu, sai Rilwanu ya bar shi a gida, ya naɗe Bututu a zane ya saɓa a kafaɗa. Mun kusa wani shingen bincike a hanya iska ta yaye zanen. Wallahi ban taɓa ganin maza sun watse da sauri haka ba. Ɗaya ya faɗa rami, ɗaya ya bar takalminsa, mai sayar da rake da ke gefe ya shige cikin dawa da baronsa. Muka tsaya hannu sama muna ta rantsuwa cewa na hoto ne, ba makami ba. Da hankali ya dawo jikinsu suka taru suna leƙa shi, babbansu ya tambayi kuɗinsa. Rilwanu ya ce dubu arba'in. Mutumin ya ƙwanƙwasa gilashin da farce ya ce, "Ya yi araha."

A gidan suna ne muka gane wani hali na Bututu da mai shago bai faɗa mana ba, wato ba ya ganin abin da ke kusa. Maza sun zauna a kan tabarmi a ƙofar gida, Liman yana tsakiya, ragon suna yana ɗaure a gefe. Rilwanu ya kafa ƙarfe ya leƙa, ya ga hazo kawai. Ya ja da baya. Ya ƙara ja. Ya tsallaka titi, ya wuce mai shayi, ya wuce masu faci, bai tsaya ba sai a kan wani tarin bulo kusa da injin niƙa, inda ko ihu ya yi ba mai ji.

Sai na zama ɗan aike. Ya ce, "Tahi ka ce Liman ya matsa hagu." Na hau babur na je na faɗa, na dawo. Ya ce, "Hagunai nika nuhi, ba nawa ba." Na koma. Ya ce a yi murmushi, kafin in kai saƙo in dawo murmushin ya ƙare. Sau tara na yi zirga-zirgar nan. Malam Usmanu ya fusata, ya ce shi bai taɓa ganin mai hoton da zai zo gidan mutum ya ƙi gaisawa, ya ƙi cin masa, ya je ya tsaya a wata unguwa yana aiko da umarni kamar hakimi ba.

Hotunan kuma da suka fito, akwai kunnen Liman shi kaɗai, da gashin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya. Akwai idon rago. Akwai rabin hular mai gida. Hoto ɗaya ne ya yi kyau tsantsa, na wani mutum da ba a gayyata ba, yana can bayan layi uku yana sakace. Malam Usmanu ya ce a kai wa mutumin ya biya.

Duk da haka labari ya bazu cewa Bututu yana ganin gashin kunne daga wata unguwa. Zuhura da ta raina shi da farko sai ta fara alfahari. Ta kira mahaifinta a waya tana ba shi labari, ni kuma ina zaune a zaure ina ji. Ta ce, "Baba, in kas sa ido, abin da ad da nisa sai ka gan shi gabanka awa ka taɓa. Kuma dubu arba'in kacal." Washegari saƙo ya zo daga Shinkafi cewa mahaifin nata, Baba Magaji, yana son ganin surukinsa ranar Alhamis, kuma a zo da abin nan.

Baba Magaji manomi ne, ko in ce da manomi ne. Gonarsa tana hayin rafi ta wajen hanyar Galadi, tafiyar da ba ta kai rabin sa'a ba a ƙafa daga bakin gari. Damina uku ke nan bai taka ta ba. Tun da aka kwashe maƙwabtansa biyu suna tsakiyar huɗa, 'ya'yansa suka ce ko ya bar zuwa ko su ɗaure shi. Yanzu yana zaune a gidansa na ƙarshen gari, yana gyaran igiyoyin da ba su lalace ba, yana faɗa da kaji. Ina jin tausayin tsohon nan ƙwarai, amma ban yi zaton shi zai kusa kashe min taubashi ba.

Muka je a mota mu uku, ni da Rilwanu da Zuhura. Ta shige wajen mata, mu kuma muka cire takalma tun daga bakin zaure. Kun dai san yadda suruki yake a gaban uban matarsa. Rilwanu mai surutun nan ya durƙusa a gefen tabarma, ya sunkuyar da kai, murya ta koma ciki. Aka kawo fura ya ce ya ƙoshi, alhali tun safe cikinsa ke kuka. Ni na shanye tawa da tasa, don ni ba 'yarsa nake aure ba.

Baba Magaji ya sa aka buɗe akwatin. Ya ɗaga Bututu da hannu ɗaya kamar zangarniyar gero, ya jijjiga shi kusa da kunne ya ji ko akwai abu a ciki. Ya ce, "Madalla. Abin ya yi kyau."

A nan ne Rilwanu ya yi kuskure na biyu. In babba ya yaba abinka, ladabi shi ne ka ce nasa ne. Kowa yana faɗa, ba kuma wanda yake ɗauka. Bakin taubashina ya faɗa da kansa: "Ai naka na, Baba."

Tsoho ya gyara zama. Ya ce, "A'a, ban cin kayan suruki kyauta. Zuhura ta ce arba'in kas saye shi. Ga arba'in da biyar, biyar ribarka ta. Ka sake sawo wani in ka tahi Kano." Ya zaro kuɗi daga aljihun 'yar shara ya tura masa a kan tabarma.

Na dubi Rilwanu. Fuskarsa ta yi fari fat. Na taka masa ɗan yatsa. Na yi tari. Na ce a raina, yanzu dai dole ya yi magana, fili ne da bijimai biyu za su tafi a kuɗin buhun masara. Amma ya zai ce wa uban matarsa a'a? Ya kuma zai ce ya yi wa 'yarsa ƙarya? Ya ɗaga hannu biyu ya karɓi kuɗin, ya ce, "Na gode, Baba. Allah shi ƙara girma."

Tsoho ya tashi ya shiga ciki ya yi alwala, na jawo Rilwanu waje na ce, "Kai wane irin sakarai na? Miliyan biyar da rabi!"

Ya toshe min baki ya waiwaya. Ya ce, "Yi a hankali, kada a ji ka. Muhtari, na shiga uku. Mi za ni yi?"

Na ce ya shiga ya faɗi gaskiya. Ya ce gara ƙasa ta buɗe. Na ce to ni zan faɗa. Ya riƙe rigata ya ce in na faɗa a gidan nan mai mutane ashirin, kafin dare labari ya fita gari, kuma ba shi kaɗai za a zo nema ba, har tsohon. Wannan kam gaskiya ya faɗa, sai na haƙura ina huci.

Bayan la'asar Baba Magaji ya ce a hau soro, daga can ake hango hayin rafi. Muka hau. Maƙwabta sun ji labari, tsofaffi huɗu suka biyo mu suna nishi a kan matakala, dukansu masu gonaki a hayin ne. Zuhura da matan gida suka tsaya a tsakar gida suna ɗaga kai.

Tsoho ya karɓi Bututunsa, ya ɗora bakinsa a kan katangar soro, ya sa ido a gindin. Ya daɗe yana juyawa. Sai ya ɗago a fusace ya ce, "Wanga abu ya lalace. Duniya ta kihe. Sama na ƙasa, ƙasa na bisa, kuma komi ya ƙanƙance."

Na ce to ga ƙofa Allah ya buɗe, sai Rilwanu ya ce haka ne ya lalace, a mayar da ciniki. Amma mai sana'a ba ya iya jin an zagi kayan aikinsa. Kafin in ƙifta masa ido ya ce, "A'a Baba, lahiya lau shike. Sai an haɗa shi da kyamara." Ya zaro kyamararsa daga jaka, ya murɗa ta a gindin Bututu, ya kafa ƙarfe mai ƙafa uku, ya saita wajen hayi, ya ja gefe.

Baba Magaji ya sunkuya ya leƙa. Can sai na ga hannunsa ya tashi a hankali yana lalube a iska, kamar zai dafa wani abu. Ya ce, "Ga tsamiyata." Ya ƙara manna ido. "Ga bakin rijiya. Rumhwa ta hwaɗi. Kai, ciyawa ta ci wurin ga duka." Sai ya yi dariya, irin dariyar da ban taɓa ji daga bakinsa ba, ya ce, "Garmata na nan! Tana nan bisa reshe inda nir rataye ta."

Ni ma na leƙa daga baya, abin da na gani ya fi kama da busasshen reshe. Ban musa masa ba, ba kuma wanda ya musa.

Tsofaffin nan suka fara ture juna. Kowa yana so a juya masa wajen tasa gonar. Ɗaya ya ga kukarsa ya yi mata sallama. Ɗaya ya ce iyakarsa da ta maƙwabcinsa ta matsa, suka fara gardama a kan gonakin da ba wanda ya isa ya je, har sai da aka raba su. Ɗaya kuma ya leƙa ya ce shi bai ga komai ba, ashe idon da ya rufe shi ne mai gani. Na yi dariya har na riƙe ciki.

Da aka lafa, Baba Magaji ya dafa kyamarar ya ce, "To tunda ba shi aiki sai da wagga 'yar ƙarama, ita nawa kas saye ta?"

Kyamarar nan ita ce abincin Rilwanu, da ita yake ɗaukar hoton fasfo da na biki shekara takwas. Ya dube ni. Na girgiza masa kai har wuyana ya yi ƙara. Ya dubi tsofaffin da suka zuba masa ido, ya dubi ƙasa inda Zuhura take tsaye, ya durƙusa ya ce, "Dubu goma, Baba."

Na juya baya na kama katanga. Da ba don soro ba ne da na tafi gida a ƙafa.

Tsoho ya ce, "To, sha biyu." Ya sa hannu a aljihu, sai kuma ya fasa zarowa. Ya ce bari ya ƙara dubawa tukuna kafin rana ta faɗi. Ya sunkuya ya mayar da ido. Rilwanu yana durƙushe a gefensa, hawaye na bin hancinsa, yana yi kamar ƙura ce ta shiga idonsa.

Baba Magaji ya ce, "Rilwanu, matso min da ita kaɗan."

Rilwanu ya tashi ya murɗa wani zobe, hoton ya ƙara fitowa sarai.

"Ba haske nic ce ba. Matso da ita. In ga ƙasar, in ga ko ta yi laushi."

"Baba, iyakarta ke nan."

"Ƙara dai kaɗan."

"Ba ta wuce nan, Baba. Ko na wa ka samu, nan shika tsayawa."

Tsoho ya daɗe a sunkuye. Ya miƙa hannu gaban Bututu, ya motsa yatsu a iska, ya janye. Sannan ya miƙe a hankali yana dafa ƙugu. Ya goge idon da ya leƙa da shi da bakin hannun riga, ya goge ɗayan ma da bai leƙa da shi ba.

Ya ce, "Ba ni kuɗina."

Rilwanu ya tsaya baki buɗe. Ni na sa hannu a aljihunsa na zaro kuɗin na miƙa, don na ga alama zai iya cewa a'a Baba ai an gama ciniki.

Baba Magaji ya karɓa ya mayar aljihu. Ya ce, "Ka yi haƙuri, ba raina kayanka niy yi ba. Amma an cuce ka, yaro. Dubu arba'in ta yi yawa ga abin da za shi nuna ma mutum gonatai ya bar shi tsaye bisa soro."

Daga ƙasa Zuhura ta ɗaga murya ta ce, "Na gaya mishi, Baba! Na ce talatin ma ta isa!"

Ba wanda ya yi dariya. Rilwanu ya sami Bututunsa da kyamararsa a lokaci ɗaya, na zaci zai yi tsalle ko ya faɗi ya yi sujada. Sai na ga ya tsaya riƙe da ƙarfen, yana kallon surukinsa.

Ya ce, "Baba, in ɗauko maka hotonta? In wanke babba, ka rataye a ɗaki."

Tsoho ya riga ya kai bakin matakala. Ya tsaya da ƙafa ɗaya a ƙasa, bai waiwayo ba.

Ya ce, "A'a. Rufe mishi baki. Na san kamarta."

Ya sauka a hankali, tsofaffin nan huɗu suka bi bayansa ɗaya bayan ɗaya.